Me ya sa Kagurabachi ya yi tashe cikin ɗan ƙanƙanin lokaci?

Abban Khadija ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suke bibiyar labaran zane na ƙasar Japan ce, wato manga. Ni ba baƙo ba ne gaba ɗaya a wannan fage, domin na bi Naruto har ƙarshensa a zamanin ɗalibta, amma daga baya hidimar aiki da ta iyali ta sa na jingine. A 'yan kwanakin nan na lura ƙannena da abokansu sun ɗauki wani sabon labari mai suna Kagurabachi da zafi, hoton wani saurayi mai baƙar riga yana zare takobi ya cika wayoyinsu, kuma duk ranar Lahadi da yamma ba su da zance sai nasa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ɗaya daga cikinsu ya gaya mini cewa da zolaya aka fara yabon labarin, tun kafin kowa ya karanta ko shafi ɗaya, amma yanzu ana lissafa shi cikin manyan labaran mujallar da take buga shi. Ta yaya yabon gatse yake rikiɗa ya koma ɗaukaka ta gaske? Sannan labaran takobi ba sabon abu ba ne a wurin Japanawa, sun yi su bila adadin, to mene ne wannan ya zo da shi da na baya ba su da shi? Akwai kuma ƙaramin ƙanenmu ɗan shekara 13 da yake naci a bar shi ya karanta, ina son jin ra'ayin waɗanda suka san abin da ke ciki kafin in amince masa.

Ɗan Zariya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanen naka bai faɗi ƙarya ba, kuma ina cikin waɗanda suka ga abin tun daga farkonsa. A watan Satumba na 2023 mujallar Weekly Shonen Jump, wadda kamfanin Shueisha yake bugawa a Tokyo tun 1968, ta sanar da sababbin labarai uku da za su fara fitowa. Kafin babin farko na Kagurabachi ya fito, abin da mutane suka gani bai wuce hoto ɗaya ba: saurayi mai murtuke fuska, da tabo a gefen fuskarsa, hannunsa a kan ƙotar takobi. Masu karatu a ƙasashen waje, musamman masu amfani da Twitter, suka ga kamar an tattara duk abubuwan da aka saba gani a irin waɗannan labarai an zuba a hoto guda, sai suka fara kuranta shi da gatse. Wannan ya ce ya fi One Piece, shahararren labarin da ya daɗe yana fitowa a mujallar, wancan ya ce ya riga ya karanta babi na dubu, wani kuma ya ɗora hoton a jikin fina-finai da wasannin kwamfuta kamar dai labarin ya shekara ashirin yana tashe. Babu wanda yake nufin abin da yake faɗa, kuma kowa ya san haka.

Amfanin da wannan shaƙiyanci ya yi shi ne ya tara jama'a a bakin ƙofa. Tun 2019 Shueisha ta buɗe manhajar Manga Plus, inda ake sakin fassarar sabon babi kyauta a daidai lokacin da yake fitowa a Japan. Sha biyun daren Lahadi wayewar Litinin a Tokyo, lokacin da babin yake fitowa, ita ce ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi a Kano da Maraɗi, shi ya sa kake ganin ƙannenka suna zancensa a wannan lokaci. Da babin farko ya fito, duk waɗanda suka yi kwanaki suna zolaya suka ruga su ga abin da suke yi wa dariya, kuma cikin mako guda labarin ya haura kusa da ƙololuwar jerin waɗanda aka fi karantawa a manhajar, a tsakiyar labaran da suka shekara da shekaru suna tara mabiya.

Sai dai wanda bai san yadda Jump take aiki ba zai ɗauka shi ke nan an gama. Mujallar tana ɗauke da labarai kusan ashirin a kowane mako, kuma a cikinta akwai katin da mai karatu yake cikewa ya zaɓi guda uku da suka fi burge shi ya aika. Labarin da ya daɗe a ƙasan wannan ƙuri'a, kuma littattafansa ba sa tafiya a kasuwa, ana rufe shi ba tare da wani jinkiri ba, sau da yawa kafin ya kai babi na talatin. Masu wannan ƙuri'a Japanawa ne, ba masu zolayar Twitter ba. Labarai biyun da suka fara tare da Kagurabachi a wancan watan duk an rufe su kafin tsakiyar 2024, shi kuwa ya tsallake. Littafinsa na farko ya fito a Japan a watan Fabrairun 2024 kuma ya yi kasuwa har aka sake buga shi, a watan Agusta na wannan shekara ya zo na ɗaya a rukunin labaran da ake bugawa a takarda na gasar Tsugi ni Kuru Manga Taisho, wadda masu karatu ne suke zaɓen gwaninta, kuma kafin shekarar ta ƙare kwafin littattafansa ya haura miliyan ɗaya. Duk wannan ya faru ne ba tare da an mayar da shi fim ɗin zane na talabijin ba, alhali a al'ada fim ɗin ne yake ɗaga cinikin littafi.

Don a gane cewa zolaya ita kaɗai ba ta isa ba, a duba abin da ya faru da fim ɗin Morbius a Amurka a 2022. Shi ma an yi masa irin wannan yabon gatse a intanet, har kamfanin da ya shirya shi ya ɗauka soyayya ce ya mayar da shi gidajen kallo karo na biyu, mutane kuma suka ƙi zuwa. Bambancin shi ne masu zolayar Kagurabachi sun shiga sun tarar da abinci a ciki, sai suka zauna. Marubucinsa kuma mai zana shi, Takeru Hokazono, haifaffen 2000 ne, wannan ne dogon labarinsa na farko, amma tun 2020 wani gajeren labarinsa mai suna Enten ya samu lambar yabo a gasar Tezuka, saboda haka editocin mujallar sun san wanda suka ɗauko.

Mai Nazari ya amsa:

Ɗan'uwa Ɗan Zariya ya kawo tarihin yadda yake, amma ina ganin ya ba ingancin labarin kaso mafi girma fiye da yadda ya kamata, ya kuma tsallake batun lokaci. My Hero Academia ya ƙare a watan Agusta na 2024 bayan shekara goma yana fitowa, Jujutsu Kaisen ya bi bayansa a ƙarshen Satumba. Cikin wata biyu mujallar ta rasa ginshiƙai biyu daga cikin waɗanda suke riƙe da ita, kuma tun kafin nan kowa ya san suna dab da kammalawa. Mujallar da ta taɓa buga kwafi miliyan 6.53 a fitowa ɗaya a tsakiyar shekarun 1990, wadda yanzu bugunta na takarda ya ragu ƙwarai, ba za ta zauna ta naɗe hannu ba. Dole ta nemi magaji, kuma Kagurabachi ne ya fi kusa da hannu: yana da faɗa, yana da matsafa, yana da jarumi mai ɗaure fuska, kusan duk abin da masoyan Jujutsu Kaisen za su nema idan nasu ya ƙare. Daga nan aka riƙa ba shi bangon mujalla da shafuka masu launi, su kuma waɗannan suna jawo ido, idon yana jawo ciniki.

Ban ce labarin ba shi da kyau ba. Cewa nake yi a cikin shekarun da Bleach da Naruto da One Piece suke gaba ɗaya a mujallar, labari irin wannan zai iya ɓacewa a tsakiya ba tare da kowa ya kula ba. Babobinsa na farko ma ba su da wani abin mamaki: an kashe uba, ɗa ya ɗauki makami ya fita neman fansa, ga wata ƙaramar yarinya da miyagu suke farauta. An yi wannan sau nawa? Zanen bayan fage a farkon ma yakan zama fayau, gine-gine da tituna ba su da cikar da ake gani a hannun tsofaffin masu zane.

Akwai kuma abin da ya kamata a riƙa tunawa game da labaran mako-mako. Mutum ɗaya da 'yan mataimakansa ne suke fitar da shafi kusan 19 duk mako, shekara da shekaru, kuma da yawa daga cikin labaran da suka fara da ƙarfi a tsakiya suke sanyi, ko dai saboda gajiya ko saboda an ja su fiye da ƙima. Kimetsu no Yaiba, wanda shi ma labarin takobi ne, ya fara a 2016 ya ƙare a 2020 a littafi 23, an ga farkonsa an ga ƙarshensa, shi ya sa ake iya yanke masa hukunci. Wannan kuwa yana kan hanya, kuma Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Maman Sadik ta amsa:

Malam Mai Nazari, na yarda da kai a kan batun lokaci, amma ban yarda cewa babin farko ba shi da abin mamaki ba, kuma ina ganin a nan ne amsar tambayar Abban Khadija ta biyu take. Wanda ya shiga yana jiran ya ga jini a shafin farko, abin da zai tarar shi ne maƙera. Yaro mai suna Chihiro yana taya mahaifinsa Kunishige Rokuhira aikin ƙira, shi ne mai girki da share gida, uban kuwa, duk da cewa shi ne maƙerin da ƙasa take alfahari da shi, mutum ne mai wasa da sakarci a cikin gida, yana zaune yana hira da ƙananan kifayen ado guda uku da suke cikin kwanon gilashi. An ɗauki shafuka masu yawa ana nuna wannan zama na uba da ɗa, har da inda uban yake gaya masa cewa takobi kayan kisa ne komai kyawunsa, kuma wanda ya ƙera shi yana da kaso a cikin duk abin da aka aikata da shi. Sai bayan mai karatu ya saba da gidan sannan aka tsallaka shekara uku, aka nuno yaron nan da tabo a fuska, uban ba ya duniya.

To, a lokacin da Chihiro ya zare takobinsa, ƙarfin da yake fitowa daga cikinta ba wuta ba ne, ba zaki ko maciji ba. Kifayen nan ne guda uku, baƙi da ja da mai dabbare-dabbare, suke iyo a cikin iska kewaye da shi, ɗigon ruwa yana binsu, a tsakiyar wurin da ake sare-sare. Baƙin yana tafiya da sara mai nisa, jan yana shanye harin abokin gaba ya mayar masa, na ukun yana ƙara masa sauri. Duk lokacin da ya yi faɗa, abin da ya rage masa na gidan ubansa ne yake yawo a shafin, kuma ba a taɓa tsayawa an yi wa mai karatu dogon bayani a kan haka ba. A ganina wannan ne ya sa waɗanda suka zo dariya suka yi shiru.

Ginin labarin ma ba fansa ce zalla ba. Kunishige ya ƙera takubba shida masu sihiri waɗanda da su aka kawo ƙarshen wani yaƙi da ake kira Seitei, ya ɓoye su bayan yaƙin, sai wata ƙungiyar matsafa mai suna Hishaku ta kashe shi ta kwashe su. Ta bakwai, Enten, ita ce ta rage a hannun ɗansa. Babban abokin gabansa na farko, Sojo, ba maƙiyin uban ba ne, masoyinsa ne da ya haddace tarihinsa, sai dai fahimtarsa ita ce an ƙera takubban ne domin kisa ba wani abu ba. Saboda haka faɗan nasu gardama ce a kan wane ne ya fi sanin nufin mamacin, ɗan da ya zauna da shi ko baƙon da ya karanta aikinsa. Kashi na biyu, na gwanjon ɓoye da ake kira Rakuzaichi, ya kawo wani uban dabam, shugaban gidan Sazanami, wanda ya fifita gadon gidansu a kan 'ya'yan cikinsa, da ɗansa Hakuri da aka kora saboda an ɗauka ba shi da amfani. Can gaba kuma labarin ya fara tono abin da aka aikata da takubban nan a lokacin yaƙi, wanda ba zan faɗa ba don kada in ɓata wa wani karatu, amma ya isa ya sa yaron ya sake duban uban da yake ɗauka ba shi da aibi.

Game da zanen, gaskiya ne bayan fage yakan yi ƙaranci a farko, amma Hokazono ya iya tsara shafi kamar mai riƙe da kyamara. Yakan nuna hannu a kan ƙota, ya nuna ƙafa ta motsa, sai ka juya shafi ka tarar an riga an gama, saran kansa ba a nuna shi ba. Baƙin tawada yake zubawa da yawa, maganganu kaɗan, shi ya sa babi yake ƙarewa cikin mintuna kaɗan a waya. Daga dama zuwa hagu ake karanta shi, wanda ba zai ba duk wanda ya yi makarantar allo wahala ba.

Amma ɗan shekara 13, ni dai ba zan ba shi ba tukuna. Ana sare hannuwa da kawuna a fili, akwai inda ake azabtar da ƙaramar yarinya don a yi gwaji da jikinta, kuma duniyar labarin gaba ɗaya a kan tsafi aka gina ta, ko da yake tsafin tatsuniya ne irin na ƙarfin jiki, ba wani abu da ake koyarwa ba. Babu batsa a cikin abin da na karanta, wannan kam na yaba masa. Nawa ɗan ya haura 16 kafin na ƙyale shi, kuma tare muke karantawa.

Jikan Maƙera ya amsa:

Hajiya ta taɓo abin da ya ja ni zuwa labarin, wato ƙira, kuma ina so in ƙara bayani a kai domin yana cikin dalilan da suka sa Japanawa ba sa gajiya da labarin takobi. Tun 1876 gwamnatinsu ta hana yawo da takobi a titi, amma sana'ar ba ta mutu ba, har yau akwai maƙeran da suke yin ta da lasisin hukuma. Mutum ba ya samun lasisin sai ya yi aƙalla shekara biyar a ƙarƙashin wani maƙeri, kuma kowace takobi da aka gama sai an yi mata rajista. Ƙarfen da suke amfani da shi, tamahagane, daga baƙin yashi mai tama ake narka shi da gawayi a cikin murhun yumɓu da ake kira tatara, ana hura wuta kwana uku dare da rana, sannan a fasa murhun a fito da dunƙulen. A Okuizumo da ke lardin Shimane ake wannan aiki a lokacin sanyi, daga can ake raba wa maƙera.

Maƙeri yakan buga ƙarfen ya ninke shi, ya sake bugawa ya sake ninkewa, fiye da sau goma, har dattin ciki ya fita. Sai ya naɗe ƙarfe mai tauri a kan mai laushi, don baki ya yi kaifi, jiki kuma ya jure duka ba tare da ya karye ba. Kafin a tsoma ta a ruwa ana shafa mata yumɓu, mai kauri a gadon baya, siriri a baki, saboda haka bakin yake rigan bayan hucewa. Wannan ne yake ƙara mata lanƙwasar nan da aka san ta da ita, kuma shi yake fitar da zanen da yake bin bakin takobin kamar igiyar ruwa. Washi kuwa sana'a ce dabam, mai yin ta yakan shafe makonni a kan takobi ɗaya da duwatsu iri-iri.

Yawancin labaran takobi da na sani, mai riƙe da ita ne jarumi, maƙerin kuwa wani tsoho ne a gefe da ake zuwa wurinsa idan ta karye. Kagurabachi ya ɗauko ɗan maƙeri ya sa a tsakiya, yaron da idonsa ya saba da kallon ƙarfe a wuta, kuma da wannan idon yake karantar makamin abokin gaba a fagen faɗa. Ma'adinin da aka ce an ƙera takubban sihirin da shi ƙirƙira ce ta marubuci, amma masaba da uwar maƙera da tartsatsin da aka zana a shafukan farko na gaske ne, duk wanda ya taɓa zama kusa da zuga-zugi zai gane su.

Abban Khadija ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Hajiya Maman Sadik, na karɓi shawararki, ƙaramin zai jira, ni kuma zan fara dubawa da kaina. Malam Ɗan Zariya, saura abu ɗaya: idan ƙuri'ar Japanawa ce take raya labari ko ta kashe shi, ashe hayaniyar masu karatu na waje ba ta da wani tasiri ke nan? Kuma daga ina ya kamata mutum ya fara, tunda babobin sun riga sun yi yawa?

Ɗan Zariya ya amsa:

Tana da tasiri, Malam, sai dai ba kai tsaye ba. Labarin cewa wani sabon manga ya rikita ƙasashen waje ya koma Japan, ya sa masu karatu a can suka waiwaye shi, kuma Shueisha tana ganin alƙaluman Manga Plus a kowane mako, ta san inda kasuwarta take faɗaɗa. Wasu masoyan na waje har littafin Japananci suka riƙa saye a lokacin da na farko ya fito, ba don suna iya karanta shi ba, sai don kada a rufe labarin. Bugun Ingilishi na takarda, wanda kamfanin Viz Media yake fitarwa, sai a watan Nuwamba na 2024 ya fara shiga kasuwa.

Game da farawa, babi uku na farko da uku na baya-bayan nan kyauta ne a Manga Plus, kuma da yake zanen baƙi da fari ne ba ya cin data sosai. Shawarata ita ce kada ka yanke hukunci a babi na uku, domin a nan ne ƙorafin Malam Mai Nazari ya fi ƙarfi. Ka daure ka kai ƙarshen faɗan Chihiro da Sojo, wanda yake kammala kafin babi na 20. Idan ka kai nan bai kama ka ba, gwanjon Rakuzaichi ma ba lallai ya canza maka ra'ayi ba, sai ka bar wa ƙannen naka kayansu.